Dune kashi na biyu: silima ko a jira shi a gida?

Abban Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin azumi ya shigo. Asabar ɗin nan kaɗai gare ni, kuma ina so in kai uwargida kallon Dune na biyu. Matsalar ba ta ga na farko ba, sannan ba ta son fim mai ƙara. In sayi tikiti biyu, ko mu jira ya fito mu kalla a gida? Talabijin ɗinmu inci 43 ce, babu ƙarin sifika.

Injiniya Sabo: IMAX kawai, wato silima mai ƙaton allo, kada ka bari a ruɗe ka. Fim ɗin an ɗauke shi ne don babban allo. A silima ta yau da kullum ana datse sama da ƙasan hoton, a IMAX kuwa hamadar tana cika bango. Yashin nan na gaske ne, a Jodan da Abu Dhabi aka ɗauka.

Ɗan Fagge: Injiniya, IMAX ɗin yana Lekki a Legas. Mutum na tambayar tikiti biyu kai kana haɗa shi da kuɗin jirgi.

Maman Ilham: Abban Walid, a fara da na farkon, na 2021, a daren Juma'a. Tsawonsa minti 155, na biyun minti 166, kuma ya ɗora ne daidai inda na farko ya tsaya. Idan ba ta san yadda aka hallaka gidan Atreides, dangin jarumin fim ɗin Paul, ba, ba za ta gane dalilin da Paul da mahaifiyarsa ke ɓuya cikin Fremen, mutanen hamada, ba. Za ta yi ta tambayarka, na bayanku su yi ta tsaki.

Baban Gida: Duk ku bar wannan. Ba fim ɗin ne matsala ba, gidajen kallon ne. Ga abin da ke faruwa a wata silima da ba zan kira sunanta ba. Fitilar majigi ta tsufa an ƙi canzawa, duk wurin da aka ɗauka cikin kogo ko da dare sai ka ga baƙi ƙirin. Sifikar tsakiya, wadda take ɗauke da magana, ta mutu, sai gurnanin kiɗan Hans Zimmer ke girgiza kujera, bakin mutane na motsi ba a jin komai. Wuta ta ɗauke daidai lokacin da Paul zai hau tsutsar hamada, aka tada janareta, aka ci gaba daga can gaba ba a mayar da baya ba. Masu neman a maido musu kuɗi aka ce manaja ya fita. Dubu bakwai kowane kai, banda gugguru.

Ɗan Fagge: Dubu bakwai a ina? Dubu huɗu da ɗari biyar ne in ka je tsakiyar mako da rana.

Baban Gida: Asabar mutumin ya ce.

Hajiyayye: Ƙanwata dubu shida ta biya ranar Asabar ɗin. Kowa da kuɗin da aka yanka masa ke nan.

Injiniya Sabo: Baban Gida, a tabbatar dai ba wurin Giedi Prime, duniyar maƙiyan gidan Atreides, kake nufi ba. Wannan ɓangaren da gangan aka yi shi fari da baƙi, da kyamarar da ke ɗaukar hasken da ido ba ya gani. Akwai masu tashi su je su kai ƙara wai majigi ya lalace.

Baban Gida: Na san bambancin fasaha da tsohuwar fitila, Injiniya.

Malam Na-Littafi: Wanda bai karanta littafin Frank Herbert na 1965 ba, don Allah ya rage ba da shawara. Fim ɗin ya sauya abubuwa manya. A littafi shekaru ne suka wuce, Alia ƙanwar Paul an haife ta har ta yi wayo, a nan kuwa tana ciki har aka tashi. Thufir Hawat, mashawarcin gidan Atreides, ya ɓace gaba ɗaya. Chani, masoyiyar Paul, kuma an mai da ita mai adawa da shi. Wannan na ƙarshen ni ban ga laifinsa ba, domin Herbert gargaɗi yake yi a kan bin shugaba ido rufe, shi ya sa ya fito da Dune Messiah a 1969.

Maman Ilham: Malam, ka gama ba wa mutum labarin ƙarshen fim tun bai sayi tikiti ba. Kuma kallo za su je, ba jarrabawa ba.

Ɗan Fagge: Ni Stilgar, shugaban Fremen ɗin nan, ne ya kashe ni da dariya. Paul ya yi atishawa, Stilgar ya ce alama ce. Kowace unguwa tana da irinsa.

Hajiyayye: Ba kowa ke dariya a nan ba. Akwai waɗanda jin ana kiran Mahdi a fim irin wannan bai musu daɗi ba, musamman da labarin ya nuna cewa Bene Gesserit, wata ƙungiyar asiri ta mata, ne suka shuka imanin tun da daɗewa don amfanin kansu. Gara a sanar da uwargidan tun a gida.

Injiniya Sabo: In gida za ka kalla, shiga saitin sauti ka mai da shi sitiriyo, ka kunna abin da ke ɗaga murya ko yanayin dare. Sauti na 5.1, wanda aka yi don sifiku da yawa, a kan sifikar talabijin yana danne magana. Ka kashe fitila, ka kashe abin nan mai sa motsi ya yi santsi. Kuma rubutun ƙasa dole ne, don Fremen da nasu yaren suke magana a wurare da yawa.

Baban Gida: Rubutun ƙasa kuma ya tuna min masu tura fim a waya. Abin da suke sayarwa yanzu a ɗari biyu ɗaukar kyamara ne daga cikin silima, kan mutane na giftawa, tallan caca na yawo a tsakiyar allo, rubutun ma da wani yare.

Ɗan Fagge: Ɗari ne a wajenmu, har da kyautar cutar da ke cinye hotunan waya.

Hajiyayye: Ku bari masu fassarar Hausa su kama shi. Za su yanke rabin awa su ce babu faɗa a ciki, kamar yadda suke wa na Indiya.

Abban Walid: To jama'a, Asabar ɗin fa? In saya ko in bari?

Baban Gida: Fara tambayarsu yaushe suka canza fitilar majigi.