Fushin Damian Lillard da shugabannin Portland: me ya hana su haɗa masa ƙungiyar cin kofi?

Ɗan_Kwando:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin gasar ƙwallon kwando ta NBA ta Amurka. Tambayata a kan Damian Lillard ce da rabuwarsa da Portland Trail Blazers a 2023. Kaka 11 ya buga musu, ya wuce Clyde Drexler ya zama wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar maki a tarihinta. A kakar 2022-23 maki 32 yake zubawa a kowane wasa, har da 71 da ya zuba wa Houston a watan Fabrairu, amma ƙungiyar ta ƙare da nasara 33 da faɗuwa 49. Ya faɗa a fili cewa gogaggun abokan wasa yake so, ba yara ba. Da shugabanni suka samu gurbi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa, maimakon su yi musayarsa da gogagge sai suka ɗauki Scoot Henderson, ɗan shekara 19, wanda matsayi ɗaya suke bugawa da Lillard. Ranar 1 ga Yuli ya nemi a sake shi. Don Allah a fayyace mini, me ya hana su sayo masa taurari kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa? Rowa ce, rashin iya aiki ne, ko akwai dokar da ta hana su motsi?

Mai_Lissafi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara cire lissafin ƙwallon ƙafa daga ranka. A NBA ba a sayen tauraro daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi. Hanya uku ce kawai: ka zaɓo shi yana sabo, ka ɗauke shi bayan kwantiraginsa ya ƙare, ko ku yi musaya. Kuma duka ukun suna ƙarƙashin iyakar albashi, wato iyakar da gasar ta sa wa jimillar albashin 'yan wasan kowace ƙungiya. A kakar 2023-24 iyakar dala miliyan 136 ce, wanda ya haura miliyan 165 kuma ya fara biyan haraji a kan kowace dala.

Duba Portland a bazarar 2023. Lillard miliyan 45 da ɗoriya, wato sulusin iyakar shi kaɗai. Jerami Grant, Anfernee Simons da Jusuf Nurkic idan ka haɗa su da shi, mutum huɗu sun cinye kimanin miliyan 114, ga sauran mutum goma da dole a biya. Babu filin ɗauko tauraro daga kasuwa. Ƙungiyar da ta wuce iyaka kuwa, in za ta karɓo mai babban albashi a musaya, dole albashin da za ta fitar ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na wanda za ta shigo da shi.

Amma ni a wurina ba a 2023 aka yi ɓarnar ba. Tun ran gini tun ran zane. A 2015 LaMarcus Aldridge ya tafi San Antonio, Wesley Matthews da Robin Lopez suka bi hanya, aka yi musayar Nicolas Batum. A 2016 sabuwar yarjejeniyar talabijin ta sa iyakar albashi ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa 94. A duk shekarun ganiyar Lillard, wannan na cikin bazara kaɗan da Portland ta samu fili mai yawa. Me Neil Olshey, manajan ƙungiyar a lokacin, ya yi da shi? Evan Turner miliyan 70, Allen Crabbe 75, Meyers Leonard 41, Maurice Harkless kimanin 40, kowanne na shekara huɗu. Sama da miliyan 220 a kan mutum huɗu da babu wanda ya taɓa shiga wasan taurari a cikinsu. Festus Ezeli, haifaffen Benin a Nijeriya, shi ma an ɗauke shi, ciwon gwiwa bai bar shi ya buga musu ko wasa ɗaya ba.

Illar irin waɗannan kwantiragin ita ce ba sa sayuwa. Shekara ɗaya kacal aka yi, aka tura Crabbe Brooklyn aka karɓo Andrew Nicholson, aka sallame shi aka shimfiɗa albashinsa a kan shekara bakwai. Wato har Lillard ya bar Portland ana cire kusan miliyan uku duk kaka daga iyakarsu saboda mutumin da bai taɓa sa rigarsu a wasa ba.

Tsohon_Koci:

Malam Mai_Lissafi ya yi bayanin kuɗi, bari in ƙara da abin da ke cikin fili da kuma guraben zaɓe.

Ginin ƙungiyar tun tushe yana da gurgunta. Lillard da CJ McCollum duka gajeru ne a ma'aunin NBA, ba wanda ya kai mita 1.95, kuma duka biyun ci suka iya, ba tsarewa ba. A kaka ta yau da kullum maki suna rufe wannan aibin. A wasannin fitar da gwani kuwa, inda za ku haɗu da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, abokan hamayya sai su riƙa kiran shinge, wato ɗayansu ya tare mai tsaro da jikinsa don a tilasta sauya masu tsaro, har gajeren ya faɗo hannun dogon ɗan gefensu, su yi ta cin sa. In Portland ke da ƙwallo, mutum biyu su tare Lillard tun tsakiyar fili su tilasta masa ya saki, su bar 'yan gefe su yi jifa. New Orleans da wannan dabarar ta share su 4-0 a 2018, Jrue Holiday ne ya jagoranci tsaron. A 2019 sun kai wasan ƙarshe na yankin Yamma, Golden State ta share su 4-0. A 2021 tsaronsu ne na 29 cikin ƙungiyoyi 30. Lillard ya ci 55 da jifan maki uku guda 12 a wasa na biyar da Denver, suka faɗi bayan ƙarin lokaci biyu, alhali Denver ba ta da ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta, Jamal Murray. Daga wannan daren fushinsa ya fara fitowa fili, kuma ban ga laifinsa ba.

Maganin a bayyane yake: a yi musayar McCollum tun yana da tsada a samo dogon ɗan gefe mai tsaro da jifa. An ƙi. Sai a Fabrairun 2022, bayan an kori Olshey Joe Cronin ya karɓa, aka tura shi New Orleans, darajarsa ta riga ta sauka.

Sai guraben zaɓe, waɗanda su ne ainihin kuɗin musaya a NBA. A 2020 an ba da gurbi biyu na zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a kan Robert Covington. A 2021 an ba Chicago gurbi ɗaya a cinikin Larry Nance Jr., da sharaɗin in ya faɗo cikin 14 na farko Portland ta riƙe abinta, bashin ya koma shekara mai zuwa, haka har 2028. Nan dokar Stepien ta cije su. Dokar ta hana ƙungiya zama babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere a nan gaba, kuma ba a sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai. Tunda ba a san shekarar da Chicago za ta karɓi nata ba, galibin guraben Portland suka kulle. Tauraro a lokacin gurbi uku zuwa huɗu ake biya, kamar yadda aka gani a cinikin Rudy Gobert da Donovan Mitchell a 2022. Portland ba ta da su a hannu. Covington da Nance kuwa, duka sun bar ƙungiyar a Fabrairun 2022.

Uwar_Gida_NBA:

Na yarda da yayyena a kan 2016 da 2021, amma a kan 2023 kam ina bayan Cronin, kuma akwai kason Lillard a ciki.

Ku duba da kyau: Lillard na cika 33 a wannan Yulin, ƙungiyar ta yi 27-55 sannan 33-49. Gogagge ɗaya ba ya ɗaga irin wannan ƙungiya ta wuce Denver mai riƙe da kofi a lokacin. Da an bayar da gurbi na uku da matashinsu Shaedon Sharpe, da an samu ƙungiyar da za ta shiga zagayen farko na wasannin fitar da gwani ta fito, ba matasa, ba gurabe. Inda shugabanni suka yi laifi shi ne baki biyu: suna ce masa gini ake a kansa, suna kuma zaunar da shi a ƙarshen kaka don a faɗi wasanni a samu gurbi mai kyau. Kamata ya yi su faɗa masa gaskiya tun 2022.

Shi kuma ya zubar da makaminsa da kansa. Ƙarfin tauraro a kan shugabanni yana cikin saura nawa kwantiraginsa ya ƙare. A 2019 ya sa hannu a kan miliyan 196, a Yulin 2022 ya ƙara shekara biyu a kan kimanin miliyan 122, har 2027. Babu sharaɗin hana musaya a ciki, don ba a saka shi a tsawaita kwantiragin da tun asali ba shi da shi. Da ya ce Miami kaɗai yake so, wakilinsa Aaron Goodwin yana gaya wa sauran ƙungiyoyi su janye, ofishin gasar ya aika wa ƙungiyoyi 30 takardar gargaɗi a ƙarshen Yuli. Tayin Miami a kan Tyler Herro ya ginu, Portland kuwa masu irin wasansa sun yi mata yawa. Cronin ya jira kusan wata uku, ranar 27 ga Satumba ya tura shi Milwaukee. Ya karɓo Jrue Holiday, Deandre Ayton, Toumani Camara, gurbin Milwaukee na 2029 da damar sauya gurbinsu da na Milwaukee in ya fi kyau a 2028 da 2030, sannan ya juya Holiday zuwa Boston ya ƙara samun gurbi biyu da Malcolm Brogdon da Robert Williams.

Ɗan_Kwando:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. To ya aka yi Giannis Antetokounmpo ya matsa wa ƙungiyarsa Milwaukee lamba suka biya masa bukata? Ai ita ma, kamar Portland, ba ƙungiyar babban birni ba ce.

Mai_Lissafi:

Lokaci ne ya bambanta su, ɗan'uwa. Giannis yana yin magana ne kafin ya sa hannu. A 2020 saura masa kaka ɗaya, Milwaukee ta fitar da gurbi uku da damar sauyi biyu ta ɗauko Holiday a Nuwamba, a Disamba ya sa hannu a kan miliyan 228, a Yulin 2021 suka ɗauki kofi, na farko tun 1971. A 2023 ya sake: bayan Miami ta fitar da su a zagayen farko, ya ce ba zai tsawaita ba sai ya tabbata kowa kofi yake nema. Aka kawo Lillard a Satumba, ya sa hannu a Oktoba. Sannan a 2020 shekarunsa 25 ne, ya lashe kyautar gwarzon gasa sau biyu a jere, kuma ƙungiyarsa na da guraben da za ta bayar. Lillard a 2023 ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Sai dai ka ga kuɗin da aka biya. Holiday da aka fitar shi ne ƙashin bayan tsaronsu, ya je Boston ya ci kofin 2024. Milwaukee da Lillard ta fita a zagayen farko a hannun Indiana a 2024 da 2025. A na biyun jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, a Yulin 2025 suka sallame shi, suka shimfiɗa kimanin miliyan 113 da suka rage a kan shekara biyar, wato miliyan 22 da rabi duk kaka suna zaune a iyakarsu, don su samu filin ɗaukar Myles Turner. A lokacin kuma, gurabensu na zagayen farko har 2030 ba a ikonsu suke ba.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara tsananta lamarin. An ja wani sabon layi, wanda a kakar 2023-24 yake miliyan 17 da rabi sama da layin haraji. Ƙungiyar da ta haura shi ba za ta haɗa albashin mutum biyu ta karɓo ɗaya ba, ba za ta saka tsabar kuɗi a musaya ba, kuma ana kulle mata gurbin shekara ta bakwai. Lillard dai ya koma Portland a Yulin 2025 a kan miliyan 42 na shekara uku, kuma wannan karon da sharaɗin hana musaya a kwantiragin.