Darasin bayoloji a waya yana koya wa yara tunani?

Malam Nuhu (Tudun Wada): Assalamu alaikum malamai. Ni dai ina nan a kan bakata: darasin bayoloji da aka tsara a waya ya fi allo sa ɗalibi tunani da kansa. A aji mu rubuta, su kwafa, su haddace, su juye a takardar WAEC.

Malama Rabi (Kawo): Wa'alaikumus salam. Malam, danna A, B, C ba tunani ba ne. Canki-canka ne, sun saba tun atisayen JAMB.

Malam Nuhu: Ba irin wannan nake nufi ba, Malama. Ɗauki darasin gadon jini daga iyaye. Kowa ya haddace cewa mai jinin AS in ya auri mai jinin AS, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne, wato mai sikila. Amma tambayi 'yan ajin ƙarshe: in ɗan fari ya zo da sikila, sauran ukun sun tsira? Da yawa za su ce e. A manhaja yaro zai haɗa iyayen nan sau 100, ya ga wani gida ya haifi masu sikila uku a jere, wani ko ɗaya babu. Da idonsa zai gane kowane ciki da nasa lissafin. Ilimin da zai bi shi har ranar gwajin jini kafin aure kenan.

Malam Iliya (Rigasa): Ranka ya daɗe, ni da wake fari da ja nake koyar da wannan. Wani launi A, wani S, a gauraye a kwano biyu, na uwa da na uba, yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya-ɗaya. Ba data, ba caji. Kuma ka tuna 2020 da korona ta rufe makarantu. Wayar gida ta uba ce, da ita yake fita kasuwa. 'Yan mata kuwa gidaje da yawa ba a barin su riƙe waya, kuma su ne abin ya fi damuna.

Malama Rabi: Ga kuma jarrabawar gwaji. Wanda bai taɓa ɗiga aidin a kan ganye ba, bai jiƙa dankali a ruwan gishiri ya ga ya yi laushi ba, bidiyo ba zai fishe shi ba.

Malam Nuhu: Ban ce a rufe ɗakin gwaji ba. Amma minti 40 ne darasi, ga aji cike maƙil. Yara nawa za su taɓa kwanon? A waya mai jin nauyin tambaya zai maimaita da dare, ba mai yi masa dariya.

Malama Rabi: To turo mana manhajar. Rabin ajina su yi da waya, rabi da waken Malam Iliya, sannan in yi musu tambayar ɗan fari.

Malam Iliya: Na yarda. Amma ki fara ƙirga masu wayar, Malama, maza daban, mata daban.