Haɗa tsofaffin sassa ƙirƙira ce ko kuwa?

Injiniya Kabiru: Ni dai ban sauya ra'ayi ba. Wanda ya haɗa fankar kwamfuta da ma'aunin zafi, don ta ƙara gudu in na'urar ta ɗau zafi, bai ƙirƙiro komai ba. Fanka tsohuwa ce, ma'aunin ma haka. In ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya hana shi takardar mallaka, ko ya ɗaukaka ƙara bai kamata ya ci ba.

Barista Hadiza: Haba Injiniya, to me ke cikin kwamfuta da ba tsoho ba? Sashe na 103 na dokarsu ta mallakar ƙirƙira bai damu da tsufan sassa ba. Tambayarsa ita ce, mai matsakaicin sani a fannin, kafin ranar shigar da takardar, zai ga haɗin a fili, wato abin da zai zo masa a rai da sauƙi?

Injiniya Kabiru: Madalla, kin kawo kanki. Shari'ar KSR da Teleflex, 2007: totur ɗin mota mai matsawa gaba da baya aka liƙa wa na'urar lantarki. Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce wannan a fili yake, kuma ba sai an nuno wata tsohuwar takarda da ta ce "ku haɗa su" ba. A shekarar ma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke haƙƙin kamfanin kayan wasan yara na Leapfrog, ta ce sanya wa tsohon abin wasan koyon karatu kayan lantarki na zamani ba wata gwaninta ba ce.

Malam Isiyaku: Ku yi min afuwa, shi mai matsakaicin sanin nan ana kiransa kotu ya ba da shaida?

Barista Hadiza: A'a Malam, babu shi, ƙaddara shi ake yi. Kuma nan gizo ke saƙar. Alƙalin ya riga ya ga zanen a gabansa, waya ta bi nan ta fita can. In an faɗa maka amsar kacici-kacici, sai ka ga ai ba wuya. Shi ya sa tun shari'ar Graham da John Deere a 1966 ake duba wasu alamu: an daɗe ana neman mafitar? Wasu sun gwada sun kasa? Kayan ya samu kasuwa?

Injiniya Kabiru: Kasuwa kuma? Talla ma tana sayar da kaya.

Barista Hadiza: Gaskiyarka, shi ya sa dole mai ƙara ya nuna cewa sabon abin ne ya jawo cinikin. Amma fankarka fa, in masana na lokacin sun rubuta cewa ma'aunin ba zai yi aiki a wurin ba, shi kuma ya sa ya yi?

Injiniya Kabiru: To wannan kam sai in ga rubutun da idona.