Yaya za mu ce da "empoissonnement" da Hausa?

Jama'a, kalmar nan ta Faransanci ta dame ni. Jiya a bakin tabkin Madarunfa na ji wani ma'aikacin gandun daji yana yi wa masunta bayani. Hausarsa garau, amma da ya iso kanta sai ya faɗe ta yadda take. Wani dattijo da ke ɗinkin komarsa ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, me za a yi wa ruwan?"

Abin da ake nufi: a kwaso 'ya'yan kifi masu rai, tarwaɗa ko karfasa, a sake su cikin tabkin da kifinsa ya yi ƙaranci, a dakatar da kamun kifi na wani lokaci har su girma su hayayyafa. Mu 'yan Nijar da ba mu da teku, in ka cire kogin Kwara da tabkin Cadi da Komadugu, ai tabkunan nan ne rumbunmu. In ba haka ba, sai kifin ƙanƙara da ake kawo mana daga tashoshin ruwa irin na Kwatano.

Wani ya ce mini "kiwon kifi". Ban yarda ba. Mai kiwo yana ba da abinci safe da yamma, nan kuwa saki ake yi a bar wa ruwa sauran aikin. "Zuba kifi" kuma ko a tukunya ana zubawa.

"Shuka kifi" ya ɗan ja hankalina, amma ƙwaya ake shukawa. Ku je Jiratawa ku ga masu tumatir da albasa: sai iri ya tsiro a wurin reno, a cire shi da ransa, a kai shi fili. Wannan dashe ne. Haka ɗan kifin nan yake, da ransa ake ɗauko shi daga wani ruwa, ana lallaɓa shi a hanya kada zafi ya kashe shi.

Don haka ni "dashen kifi" na zaɓa. "An dasa kifi a tabkin garinmu bana." Na gwada wa dattijon, sai ya ce, "To ai da haka ya faɗa tun farko. Wanda ya yi dashe ba ya girbi washegari."

Masuntan Diffa da Tabalak, in akwai abin da kuke cewa tun da can, ku faɗa mana, naku za mu ɗauka.