Wanda ya taɓa ƙirgar kifin salmon a kogi, ya zo mu ji

Ɗalibi a Kanada: Assalamu alaikum. An sa sunana cikin masu fita ƙirgar salmon a kaka mai zuwa, lokacin da yake barin teku ya hau kogin da aka ƙyanƙyashe shi don ya zuba ƙwai. Don Allah waɗanda suka riga ni, me zan tarar?

Bakano a Alaska: Wa alaikumus salam. Ni a kan hasumiya na yi nawa, a yankin Bristol Bay. Ana shimfiɗa allo mai haske a ƙasan ruwa daf da gaɓa, duk kifin da ya gifta sai ka hango shi. Minti 10 ake ƙirgawa cikin kowace awa, sannan a ninka sau shida. Ranar da ayarin ya taho da ƙarfi, babban yatsana har sagewa ya yi don latsa abin ƙirga, ga sauro ya yi min rumfa. Amma abin da ya hana ni barci daban ne: lambar da na rubuta tana cikin abin da ake dubawa kafin a buɗe wa masunta ruwa ko a rufe. In na yi sakaci, abincin wani na taɓa.

Yayarku a Oregon: Ƙanena, shirya wa wari. Salmon na tekun Pasifik mutuwa yake yi bayan ya zuba ƙwai, don haka mushe muka riƙa bi. Tun yana hawowa ake kama wasu a maƙala musu alama a sake su. A ce 200 aka yi wa alama, ka tsinci mushe 100, 10 ne masu alama: kifin kogin zai kai 2,000 ke nan. Duk wanda ka duba ka sare shi biyu da adda, kada gobe a sake ƙirga shi. Na taɓa mantawa da sarar kwana guda cur, har yau ina jin kunyar abin.

Wani daga Norway: Mu nan ruwa muke shiga da rigar sanyi da madubin ido, mu jera, ruwa ya tafi da mu muna ƙirgawa. Sai ruwan ya yi garau. In aka yi ruwan sama, a fasa.

Bakano a Alaska: Inda ruwa ya yi kamar kunu, irin kogin Kenai, ido ba ya aiki, na'urar sona ce ke gani, wato mai gano kifi ta hanyar amsa-kuwwar sauti a cikin ruwa.

Ɗalibi a Kanada: Na gode ƙwarai. Yaya, addar ni zan saya ko ana bayarwa?