Fitilun Sola Sun Iso Filin da Muke Kallon Taurari: Yaya Kuka Yi a Naku Wurin?

Sakataren ƙungiya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ƙungiyarmu ta masu sha'awar kallon taurari tana haɗuwa a filin wata makarantar firamare da ke bakin gari, a ƙarshen kowane watan Musulunci, lokacin da babu farin wata. A watan jiya aka kafa fitilun sola guda shida a hanyar da ta bi gefen filin. Daren Asabar da ya wuce, yaran da suka saba ƙirga taurari shida a cikin Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar suka ga uku, farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama kuwa ko alamarta babu. A da, idan aka ɗauke wuta mu kaɗai ne ke murna a unguwar, to ita sola ba a ɗauke ta. Ba mu da niyyar neman a cire fitilun, domin masu zuwa sallar asuba da mata masu dawowa daga biki suna jin daɗinsu. Duk wanda irin wannan ya taɓa samu, muna roƙon ya gaya mana yadda ya yi.

Malamin kimiyya, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Mu ma bara haka ta faru da mu, kuma abin da na lura da shi shi ne yawan fitilun bai kai karkatarsu ɓarna ba. Irin waɗanda ake kafawa yanzu, farantin solar da ƙwan a jiki ɗaya suke, saboda haka idan mai kafawa ya ɗaga kan fitilar sama, ƙwan sai ya daina kallon ƙasa ya koma haska idon mutum da sararin sama. Hasken da ya tashi sama yana karo da ƙura da raɓa ya bazu, shi ne wannan fari-farin da ke dusashe ƙananan taurari.

Mun je wurin mai unguwa, amma ba mu fara da zancen taurari ba. Bayan isha'i muka tsaya da shi a ƙarƙashin fitila ɗaya, muka nuna masa cewa saman bishiyar darbejiya ya fi hanyar samun haske. Da ya amince, mai walda ya yanko mana fallen kwano ya yi wa fitilu uku malfa ta gefen da ke kallon filinmu, ba tare da ya rufe farantin ba, aka kuma sunkuyar da kawunansu. Hanyar ta ƙara haske, mu kuma da madubin hangen nesa muka sake ganin zoben duniyar Zuhal (Saturn) da watanni huɗun nan na duniyar Mushtari (Jupiter) waɗanda masanin taurari Galileo ya fara hangowa a 1610. Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba, domin ɓangaren gari har yanzu fari yake.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Taswirar hasken dare ta duniya da aka fitar a 2016 ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurari daga inda suke zaune, wani binciken kuma na 2023 ya gano cewa hasken sararin sama da dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara. Mu nan har yanzu muna cikin masu rabo, shi ya sa nake ganin gara a gyara tun fitilun ba su yi yawa ba.

Ɗan sintiri, Jega:
Ni ba ɗan ƙungiya ba ne sosai, ƙanena ne ke jawo ni. Malam, ku yi hattara da yadda kuke faɗin wannan magana, domin a halin da ake ciki duk wanda ya ce yana son duhu sai an yi masa wani kallo. Sai dai zan ba da shaida a kan abin da na sani a aikina. Fitilar da ke dukan ido ba ta taimakonmu, domin idan ka kalle ta, duk abin da ke bayanta ya zama baƙi ƙirin, mutum zai iya tsayawa a jikin katanga ba ka gan shi ba. Wadda ke kallon ƙasa ita muka fi so.

Malamar makaranta, Zuru:
Mu mata ba mu da damar fita bayan gari da dare, tsakar gida ita ce filinmu. Nan nake shimfiɗa wa 'ya'yana da ɗalibai mata biyu tabarma, ina nuna musu Zara matar wata idan ta fito da magariba. Maƙwabcinmu ya ɗaura wata babbar fitila a saman katangarsa tana leƙo mana har cikin ɗaki, ga ƙwari da take tarawa da farkon damina. Na yi wata uku ina cin zuciya kafin maigidana ya yi masa magana, ashe bawan Allah bai ma san cewa fitilar tana da ɗan rimot ba. Yana cikin kwalin da aka sayo ta. Yanzu an saita ta tana rage haske, sai mutum ya gifta ta ƙaru, batirin ma ya daina mutuwa kafin asuba. Malam Sakatare, ku fara tambaya ko naku fitilun suna da irin wannan saiti kafin ku kira mai walda.

Dattijo mai ritaya, Bunza:
'Ya'yana, ni tawa ba ta yi daɗi ba. Na rubuta takarda zuwa ofishin da ya kafa mana fitilu a bakin kasuwa, na kai da kaina sau biyu. Wanda ya karɓa ya karanta, ya dube ni ya ce, "Baba, mutane na neman haske kai kana neman duhu?" Ba a sake waiwayata ba. Na gane daga baya cewa kuskurena shi ne na tafi ni kaɗai, kuma na rubuta kalmar duhu a kan takardar.

Abin da ke damuna ya wuce sha'awa. Mahaifina da taurari yake lissafin damina, yana ƙirga Haƙ'a da Han'a da Zira'a, kowanne kwana 13, ya san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai yi nauyi. Ina Gusau ranar 29 ga Maris 2006 da rana ta yi husufi gaba ɗaya, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, ranar kowa ya ɗaga kai sama. Jikokina kuwa sun san sunan Gamzaki a baki, amma ba su taɓa tashi sun gan shi ba.

Ɗalibi, Aliero:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wasu za su ce a bar gari a shiga daji, mu mun gwada sau ɗaya, iyayenmu suka hana, kuma suna da gaskiya. Abin da muke yi shi ne mu zauna a inuwar doguwar katanga mu juya wa fitila baya, mu naɗe tocila da jar leda, mu ajiye waya, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma yana mayar da shi baya. Mun fi samun sama garau daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazon hunturu ya sauko.

Sakataren ƙungiya, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Na tambayi mai gadin makarantar, ya ce yana jin akwai rimot a wurin wanda ya kafa fitilun. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu gaida mai unguwa tare da shugaban 'yan sintirinmu da hedimasta, sannan mu roƙe shi ya fito bayan isha'i. Malam na Argungu, don Allah a aiko mana da awon malfar da kuka yi da kuɗin da mai walda ya karɓa.