Neman shawara: abokina ɗan Caina ya rasa aiki, yana so ya biyo ni Kano da kuɗin iyayensa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ina digiri na biyu a birnin Wuhan na ƙasar Caina, bana in sha Allahu zan kammala in koma Kano. Ina da aboki ɗan Caina da muka yi sashe ɗaya, ya riga ni gamawa. Ɗan wani ƙauye ne a lardin Henan, shi kaɗai iyayensa suka haifa, injiniyan gine-gine ya karanta tun daga digirin farko. Lokacin da na zo ƙasar nan ko gaisuwa ban iya ba, shi ya kai ni na buɗe asusun banki, shi ya nuna min shagon Musulmi masu taliyar Lanzhou, da na kwanta rashin lafiya kuma shi ya kwana da ni a asibiti.

Tun da ya gama bai samu aiki ba. Kamfanonin gini sallamar ma'aikata suke yi, ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati bai samu ba. Yanzu abinci yake kai wa mutane a babur mai batir, daga hantsi har dare ya raba. Iyayensa ba su sani ba, sun ɗauka yana wani ofis. Da idona na ga mahaifiyarsa ta kira shi ta bidiyo, ya yi maza ya cire hular kwano da rigar aiki ya cusa su a akwatin abincin, ya shiga harabar wani dogon bene sannan ya amsa yana dariya. Bikin sabuwar shekararsu ma bai je gida ba, ya ce musu aiki ya riƙe shi.

Abin da ya kawo ni: iyayensa sun tara masa kuɗin kafin alƙalami na sayen gida, saboda a wajensu da wuya a ba ka mata ba ka da gida. Yana so ya karɓi kuɗin ya sayi kayan sola, faranti da batura da fitilu, ya biyo ni Kano, ni in nemo shago mu raba riba. Ni ban taɓa kasuwanci ba, mahaifina malamin makaranta ne. Ina jin nauyinsa ƙwarai, kuma ina tsoron halin da zai shiga in na ce a'a, don ya rame kuma ya rage magana. Me kuka gani?

Alhaji na Gwanzu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yarda kuɗin tsofaffin nan ya shigo hannunka. Wannan gumin manoma ne na tsawon rayuwarsu, kuma ba su da wani ɗan da zai tallafe su in ya salwanta. Kai ba ka san kasuwa ba, shi bai san Kano ba. Kayan sola sun cika Kano, manyan 'yan kasuwa na sauke kwantena-kwantena, suna saye da farashin da ku ba za ku samu ba. Tsakanin ranar da za ku biya masana'anta da ranar da kaya za su fito daga tashar Legas, canjin Naira kaɗai ya isa ya cinye ribar, ban ma zo kan kuɗin kwastan da na fito ba. Sannan baƙo ba ya shigowa da bizar yawon buɗe ido ya zauna a shago. Sai an yi wa kamfani rajista, an nemi izinin kawo ma'aikaci daga waje, an yi masa takardar zama. A 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa masu sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma har gobe 'yan kasuwa ba sa son ganin mai masana'anta ya zo ya zauna kusa da su yana sayar da ɗai-ɗai.

Abu ɗaya zan tabbatar maka, yaron nan ba ƙarya yake ba. A da mu ke bin masu masana'anta muna roƙo su ba mu kaya da wuri. Yanzu su ke bin mu a WeChat, manhajarsu ta aika saƙo, suna rage farashi tun ba mu taya ba. Mai yi min tafinta a nan digiri biyu gare ta.

Ɗan Fagge:
Ni fa abin nan ya ɗaure min kai. Caina da ke gina mana layin dogo, komai na gidanmu daga can yake, ita ce za a ce matasanta ba su da aiki? Ku zo ku ga masu digiri a kan Adaidaita Sahu. Ko dai yaron zaɓen aiki yake yi?

Malama mai digiri na uku a Beijin:
Ɗan uwa na Fagge, duka biyun gaskiya ne. Ƙasar na sarrafa kaya fiye da kowace ƙasa, a 2024 abin da ta sayar waje ya zarce abin da ta sayo da kusan dala tiriliyan ɗaya. Amma masana'anta ba ta buƙatar irin wannan yaron, ma'aikatan layi da injuna take so. Ayyukan da masu digiri ke shiga su ne suka rushe kusan lokaci guda.

Na farko gine-gine, wato fanninsa. A 2020 gwamnati ta taƙaita bashin da kamfanonin gidaje za su iya ci. Kamfanin gidaje na Evergrande, mai bashin sama da dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, a Janairun 2024 kotun Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a sayar da kadarorinsa. Country Garden ma ya kasa biya a 2023. Ƙananan hukumomi da sayar da filaye suke samun kuɗin gina tituna da gadoji, da filaye suka daina sayuwa sai kwangila ta ja baya. Wanda ya zaɓi karatun gine-gine a lokacin da yake fanni mai tsoka, ya fito ya tarar babu kasuwar.

Na biyu darussan bayan makaranta, inda ɗimbin sababbin masu digiri ke fakewa. A Yulin 2021 aka hana neman riba da koyar da darussan makaranta, kamfanin New Oriental kaɗai ya sallami mutum 60,000 a shekarar. Kamfanonin intanet ma an matse su, an ci tarar Alibaba yuan biliyan 18.2 a 2021, suka rage ɗaukar ma'aikata. Ga kullen korona da bai ƙare ba sai Disambar 2022, ya kashe ƙananan sana'o'i da yawa.

A gefe guda jami'o'i ba su daina yayewa ba: miliyan 11.58 a 2023, miliyan 11.79 a 2024, miliyan 12.22 a 2025. Rashin aikin 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari a Yunin 2023, daga nan hukumar ƙididdiga ta daina fitar da adadin. Da ta dawo da shi a Janairun 2024 ta cire ɗalibai daga lissafi, ya zama 14.9, amma ko da sabon lissafin ya hau 18.8 a Agustan 2024. Kuma wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi mai aiki ne, don haka abokin nan ma ba ya cikin marasa aikin. Jarrabawar gwamnati da ya faɗi, a ta ƙarshen 2024 mutum miliyan 3.4 aka tantance don gurbi 39,700. Faɗuwa a nan ba alamar rashin ƙoƙari ba ce.

Batun zaɓen aiki kuwa, mutumin da ke hawa bene da ledar abinci da digiri biyu a aljihu ai ya wuce wannan zargi. Akwai waɗanda suka haƙura suka koma gida suna zaune, su ake kira masu kwanciya, shi bai bi sahunsu ba.

Ɗan Fagge:
Na gamsu Malama. Allah ya kyauta. Mu dai a nan in ka rasa akwai wa ko ƙane ko kawu da zai riƙe ka.

Maman Hanif, Nanjing:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, kuma ita nake so mai tambaya ya kalla. Yaron nan ba shi da wa, ba shi da ƙanwa. Dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 har ƙarshen 2015, duk burin uwa da uba da kakanni a kansa yake. Ɗan ƙauyen Henan da ya haye jarrabawar shiga jami'a, a lardin da sama da mutum miliyan ɗaya ke zama duk shekara, duk ƙauyen sun san shi. Shi ya sa yake ɓoye hular kwano. Ni a ganina ba kasuwar sola ce ke kiransa ba, so yake ya je inda ba wanda zai tambaye shi ina yake aiki, yaushe zai yi aure.

Ƙanena, ka ce ya rame ya rage magana. Kada ka ɗauki wannan da wasa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana samun barci, ko yana cin abinci, ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta jefa mutum cikin abin, sauƙi take kawo masa. In amsar ta ba ka tsoro ka raka shi asibiti ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, manyan asibitocin Wuhan suna da shi. Kuma in za ka ƙi maganar kuɗin, kada ka aika masa a rubuce. Ku zauna ku ci abinci, ka fara gaya masa abin da za ka iya yi masa kafin ka faɗi wanda ba za ka iya ba.

Iyayen ma ya kamata su sani. Ba su jahilci halin ƙasarsu ba, 'ya'yan maƙwabtansu ma suna ciki. Ƙila mahaifiyar ta daɗe da ganewa tana rufa masa asiri ne. Amma shi zai faɗa musu da bakinsa, ba kai ba.

Injiniya daga Kaduna:
Ni ta wani ɓangaren zan zo. In Afirka yake so, me zai sa ya zo da kuɗin iyayensa alhali zai iya zuwa a biya shi? Kamfanonin gine-ginen ƙasarsu suna nan birjik. CCECC ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, China Harbour ya gina tashar ruwan Lekki, ga masana'antu a Ogun da yankin ciniki na Lekki. Na yi aiki da samarinsu a wani wurin gini, da yawa sun ce min a gida ba su samu ba shi ya sa suka fito, kuma albashin waje ya fi na gida, ga abinci da wurin kwana kyauta. Abin da suke yawan rasawa shi ne injiniyan da ke jin Turanci, wanda zai iya magana da ma'aikatanmu da jami'an gwamnati. Abokinka da ya zauna da kai ya samu wannan. Ka taimaka masa ya gyara takardar bayanin kansa da Turanci, ku riƙa gwajin tambayoyin ganawa.

Kada dai ka ɓoye masa wahalar. Zaman sansani ne, shinge da masu gadi, ba fita sai da rakiya saboda masu garkuwa da mutane, gida sai a hutun shekara. Na ga wanda budurwarsa ta gaji da jira.

Baban Zinder:
Ina goyon bayan Injiniya, amma ya duba ƙasar da za a tura shi da takardar kwangilar da kyau. A nan Nijar a watan Maris na 2025 gwamnati ta kori shugabannin kamfanonin man Caina uku, batun bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa na cikin dalilan. Aikin waje ma yana da nasa rashin tabbas.

Ɗan Yiwu:
Ban yarda a rufe ƙofar kasuwanci gaba ɗaya ba. Amfanin yaron nan a Caina yake, ba a Kano ba. Mutanenmu na asarar kuɗi kullum saboda an nuna musu samfuri mai kyau an loda musu wani. Injiniya mai jin yare, wanda zai shiga masana'anta ya gwada batir ya ga ko ƙarfin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, ana biyan irinsa lada. Ba ya buƙatar jari, kuɗin jirgin ƙasa kawai. Kai in ka koma ka nemo masa masu saye, shi ya duba kaya ya tura. In abin ya kama, ku gwada ɗan kaya kaɗan da kuɗin da ku biyu kuka tara da kanku, wanda in ya tafi ba wanda zai kwanta ciwo. Ko shi ɗin ma ku rubuta, da shaidu, wa ya kawo nawa, riba yaya, asara a kan wa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya mun zauna kamar yadda Maman Hanif ta ce. Na gaya masa ba zan taɓa kuɗin iyayensa ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi ma kuɗin na hana shi barci, don mahaifinsa har yanzu yana fita aikin leburanci a wuraren gini, kuma aikin ya yi ƙaranci. Barcinsa ba daidai ba ne, amma ya ce bai taɓa tunanin cutar da kansa ba, ya kuma yarda mu je asibiti. Maganar kamfanonin waje ta shige shi, mun fara gyara takardunsa. Gaya wa iyayen ne ya ƙi, ya ce sai ya samu abin da zai nuna musu. Shin in matsa masa ko in ƙyale shi?

Maman Hanif, Nanjing:
Kada ka matsa. Ka dai ce masa ya daina ƙara sabuwar ƙarya a kan ta da, in sun tambayi ofis ya ce yana neman wanda ya fi. Asibitin kuma ka sa rana a makon nan, kada ka bar shi a "za mu je".

Alhaji na Gwanzu:
Ɗana, baje kolin Canton, wato babban baje kolin kayan masana'antu na birnin Guangzhou, na zuwa a Oktoba, kuma ina da mutane daga Kano da Maraɗi da za su sayi batura da injin jan ruwa mai aiki da sola. Ina buƙatar wanda zai bi su masana'anta a Foshan da Dongguan ya duba kaya kafin a loda. Ka tambaye shi in zai iya ajiye babur na mako biyu. Kuɗin jirgi da masauki a kaina, ladansa kuma za mu yanke kafin ya taso. Ka yi min magana ta akwatin sirri.